Kunkurun Baba Ja Ne

Litinin, 4 ga Maris, 2019

Takardar gunduma ta zo. A tsaye na karanta ta a bakin akwatin wasiƙu, iska na neman fizge ta, da ma na sakar mata. Wai Otis, kunkurunmu, haɗari ne ga jama'a. Wai ko a gyara ƙafarsa ta gaba da wuyansa kafin ɗaya ga Yuni, ko su turo motar rusau ta kwashe shi. Kunkurun siminti da Baba ya gina da hannunsa a 1956, shekara sittin da uku yana kwance a bakin Hanya ta 66 bai taɓa cizon kowa ba, yau shi ne haɗari.

Duk Bajamushen nan mai babur na watan Oktoba ne ya ja min. Ga matakala a wutsiya, ga allo na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ta baya ake hawa. Ƙato da shi, da tumbi, ya ɗare ta ƙafar gaba don matarsa ta ɗauke shi hoto. Siminti ya ɓalle ya faɗo masa a yatsa. Har ƙanƙara na ba shi kyauta ya ɗora, ya tafi ya kai ƙarata.

Alhamis, 7 ga Maris

Na kira magini. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa tsagar, ya ce ƙarafan jirgin ƙasan da Baba ya sa a ciki sun yi tsatsa, aikin ya fi ƙarfinsa. Ya fi nawa ƙarfin ma. Mai sayar da lemo da katunan hoto a tsohon gidan mai ba za ta iya ba, ba sai an faɗa min ba.

Asabar, 9 ga Maris

Darla Kimbrough. Ban san wa ya tsegunta mata ba, amma tun ƙarfe tara motarta na ƙofar shago. Ita ce shugabar ƙungiyar farfaɗo da tsohuwar hanya ta garinmu. Shekara shida da zuwanta daga Dallas, ta buɗe masauki, ta sayo tsohuwar fitilar talla daga wata jiha ta kafa, shi ke nan ta fi mu sanin hanyar da aka haife mu a bakinta. Lokacin da motoci ke layi tun daga famfon manmu har gada ba a ma haife ta ba. Lokacin da aka buɗe sabuwar babbar hanya, muka wuni ba mota ko ɗaya, tana ina?

"Mis Odessa, kada ki damu, mu za mu ɗauki nauyin gyaran gaba ɗaya." Murya kamar mai lallashin mara lafiya. Na ce to da kyau, me ake so da ni? Sai ta zaro takarda. In sa hannu a saka Otis cikin jerin kayan tarihi, kuma a mayar da shi yadda yake tun asali. Na ce ai yadda yake ke nan. Ta buɗe jaka ta fito da wani tsohon kati a cikin leda, irin wanda matafiya ke saya su aika gida. Ga Otis a jiki, 1957. Kore.

Na yi dariya har da tari. Na ce, "'Yar nan, Otis ja ne. Ja yake tun ina 'yar mitsitsiya. Baba ya yi masa jan fenti duk Asabar ɗin da ke bayan bikin Ista har ya mutu, ni na karɓa tun 1981, ban taɓa tsallake shekara ba." Ta ce, "Amma ga hoto." Na ce ta kwashe hotonta.

Lahadi, 10 ga Maris

Kore. Kamar wani kwaɗo.

Talata, 12 ga Maris

Na kasa haƙura, na je ɗakin ajiya na tono katunan da suka rage tun zamanin Baba. Akwai irin nata guda tara. Na zauna da tabarau na duba da kyau. Bishiyoyi uku a bayan shago, mu da ko inuwar kare ba mu taɓa samu a nan ba. Sandunan wuta babu su, an share. Gajimare jajaye. Kowa a sana'ar nan ya san yadda ake yin katunan nan: ka aika hoto baƙi da fari can Chicago, wani da bai taɓa taka Oklahoma ba ya zauna da buroshi ya shafa launin da ya ga dama. An ce masa kunkuru, ya ce kore. Abin da Darla ke kira tarihi ke nan.

Na ajiye guda ɗaya a jaka saboda taron Alhamis.

Alhamis, 14 ga Maris

Taro a zauren coci. An kawo wake da burodin masara, da soyayyar kuɓewa wadda wata ta ƙona. Mutum goma sha huɗu, rabinsu baƙi ne masu gidajen hutu. Na miƙe na nuna musu bishiyoyin ƙarya da sandunan da aka share, na wanke Darla tas a gaban kowa. Ta tsaya tana murmushin nan nata. Wani mai gajeren wando ya ce ai kore ya fi fita a hoto. Na ce masa in hoto yake so ya yi wa motarsa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Hoyt. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara bakwai, da shi aka kwaɓa simintin nan. Yana zaune a kujerar baya da hula a gwiwa. Na ce, "Yaya, faɗa musu." Ya dubi farantinsa ya ce, "An daɗe, Dessa." Iyakar abin da ya fito bakinsa ke nan. Da an ce masa shanunsa ne ake gardama a kansu da ya tuna launin kowace saniya tun daga kakarta.

Daga ƙarshe Darla ta ce akwai wata ƙwararriya a Albuquerque mai kankare fenti daki-daki har ta kai na farko. Abin da aka tarar a ƙasa shi za a bi. Na ce a kira ta. Na ce a gaban shaidu, in aka ga ja a ƙasa, Darla za ta riƙe min tsani ranar fenti. Aka yi dariya. Hoyt ya sa hularsa ya fita ko sallama babu.

Laraba, 20 ga Maris

Na sayo jan fentina kamar kullum. Mai shagon ya ce, "Na ji an ce bana kore ne." Na ce ya auna min abin da na zo saya.

Asabar, 30 ga Maris

Motar 'yan yawon buɗe ido guda, tsofaffi daga Japan. Sun hau ta wutsiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa ƙafar, har sun rusuna wa Otis da za su tafi. Ga mutanen kirki. Na kewaye ƙafar da igiya amma tsagar ta ƙara buɗewa, yanzu yatsuna biyu na shiga.

Na kira Hoyt sau biyu bai ɗauka ba.

Talata, 9 ga Afrilu

Ƙwararriyar ta iso. Marisol Ybarra, mace mai furfura kaɗan, ba ta da surutu, na so in tsane ta ban samu ta inda zan kama ba. Ta zaɓi wuri a ƙarƙashin wuya inda rana ba ta bugu. Ta ɗaure hanci saboda darmar da ke cikin tsohon fenti, ta ba ni nawa ƙyallen, ta ce in dai zan tsaya a kanta to in ɗaura. Wata 'yar aska irin ta likita da madubin ƙara girma, su ne kayan aikin. Takan kankare shafi ɗaya, ta bar ɗan gefe, ta shiga na ƙasa, har abin ya zama kamar matakala.

Darla ta zo da kofi a kofin takarda ta ce ko ina so. Ina da kofi a gidana.

Laraba, 10 ga Afrilu

Ja, ja, ja. Na ɗauko kujera na zauna kusa da ita ina gaya mata kowanne. Ga mai duhun nan na shekarar da kamfanin ya canza fenti. Ga wanda ya koɗe na shekarar fari. Ta kai wani mai kauri, duk ya zuzzuba, ta ce, "Wannan kam mai shi bai iya ba." Na ce ni ce, 1981, wata biyu da binne Baba, ina yi ina kuka. Ta ce in yi haƙuri. Na ce ba komai, gaskiya ta faɗa.

Daga nan muka shiga na Baba. Sirara, sumul, ba ɗigo ko ɗaya. Hannunsa ke nan. Na ji daɗi yau, ban ɓoye ba. Na aika wa Darla saƙo ta fara neman takalmin riƙe tsani.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Kore ne.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba. Wajen sha ɗaya Marisol ta ajiye aska ta ce in zo in duba. Ƙasan jan Baba na ƙarshe, ga shi nan. Na ce fentin share fage ne, wanda ake fara shafawa. Ta ce a'a, wancan fari ne, ga shi can ƙasa a jikin siminti. Ta faɗaɗa wurin kamar tafin hannu. Kore iri biyu, mai duhu da mai haske, an ja layi siriri a tsakaninsu da ƙaramin buroshi. Ta ce, "Wanda ya yi wannan ya ɗauki makonni yana yi, kuma ba hannun mai jan ba ne."

Na ce ƙarya take, Darla ce ta saye ta. Na faɗa, a gaban idonta. Ta miƙo min madubin. Na duba. Na mayar mata na shiga shago na kulle ƙofa, mota biyu suka tsaya ban buɗe ba.

Darla ba ta zo ba, ba ta kira ba. Ko darajar ta zo ta yi min dariya ba ta ba ni ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Daga coci na wuce gonar Hoyt. Na same shi yana gyaran shinge. Na ce, "Ajiye wayar nan. Wa ya yi wa Otis kore?" Ya ci gaba da murɗa waya. Na fizge filayar daga hannunsa na jefa cikin ciyawa. Sai ya ce, "Mama ce."

Sunan da ba a faɗa a gidanmu. Ina da shekara biyar ta hau bas a ƙofar gidan manmu ta yi yamma, ba ta dawo ba. Abin da na sani ke nan, shi ma a bakin matan coci na tsinta. Baba bai taɓa ambatonta ba, hotonta ko ɗaya babu a gidan, ni ma na koyi yin shiru. Ta mutu a California a 1974, wata ƙanwarta ta rubuto layi uku.

Hoyt ya zauna a kan gindin shinge ya ba ni labarin yana kallon ƙasa. Baba ya yi siminti, Mama ta yi fenti. Damina guda tana kai, kowane gida na ƙoƙon bayan ta zana shi daban. Ita ce ma ta raɗa masa suna. Washegarin tafiyarta Baba ya ɗauko ragowar jan fentin famfunan mai ya ce Hoyt ya riƙe masa tsani, ya shafe shi tas kafin azahar. Fentin ba mai kyau ba ne, da bazara ta zagayo koren ya fara leƙowa. Ya sake shafawa. Wata shekara ma haka. "Daga baya ya daina leƙowa," in ji Hoyt, "amma Baba ya riga ya saba."

To ga asalin Asabar ɗin bayan Ista. Abin da nake gaya wa kowane baƙo da alfahari, har na rubuta a allo na kafa a shago: al'adar gidanmu. Shekara talatin da takwas ina hawa tsani da ciwon gwiwa ina taya shi binne ta, ban sani ba.

Na ce, "Shekara sittin da ɗaya, Hoyt. Kana kallona." Ya ce, "Kina jin daɗin yi, ƙanwata. Me zan ce miki?" Na ce da ya ce wani abu, ko me. Na ce masa matsoraci, na ce masa abubuwan da ba zan rubuta a nan ba. Ya ɗauko filayarsa daga ciyawa ya goge a wando. Har na shiga mota yana tsaye.

Litinin, 15 ga Afrilu

Haushin kowa nake ji. Hoyt da bakinsa mai nauyi. Baba da ya sa min buroshi a hannu ina da shekara tara ya ce, "Ki shafa da kyau, kada ki bar ko ido." Ita kuma, wadda ta iya zama damina guda a kan kunkurun siminti amma ta kasa zama a kan 'yarta. Har mutumin Chicago, da ya yi ƙarya a kan bishiya da gajimare sannan ya tashi ya faɗi gaskiya a kan abu ɗayan da ya shafe ni.

Na cire allon daga shago.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ista. Ban kai furanni kabarin Baba ba. Ya jira.

Asabar, 27 ga Afrilu

Jan fenti na nan a bayan ƙofa ban buɗe ba. Na wuni ina goge kantoci. Wata mata daga Ohio ta ce ta karanta cewa yau ake fenti, ta taho da 'ya'yanta su gani. Na ce mata an ɗaga.

Laraba, 1 ga Mayu

Saura wata ɗaya. Sufeton gunduma ya biyo ya auna tsagar, ya ce ba zai ƙara ko kwana ɗaya ba. Da ya tafi na tsaya ina kallon Otis, wallahi sai da na ce a raina su zo su kwashe. Na wa ne ma? Na mutumin da ya shafe, ko na matar da ta gudu? In huta da tsani, in huta da Jamusawa.

Sai wata mota ta tsaya, wani dattijo ya fito da sanda ya ce a 1965 ubansa ya ɗora shi a bayan nan. Ya nemi in ɗauke shi hoto. Na ɗauka, ya fita a karkace, bai damu ba.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na sa hannu. Ba don Darla ba, don motar rusau. Na kafa sharaɗi ɗaya: ba wanda zai taɓa shi da buroshi sai ni. Ta ce, "Mis Odessa, ai a shekarunki…" Na ce a shekaruna na san inda ake ajiye alƙalami a fita. Ta rubuta sharaɗin da hannunta a ƙasan takardar. Da zan tafi ta ce, "Ban so abin ya zama haka ba." Na ce ai ba ki san yadda ya zama ba. Ta ce Hoyt ya je ya same ta tun watan Maris, ya roƙe ta a bar Otis ja, bai faɗi dalili ba.

Wato ya iya magana, ni ce dai ba ya yi wa.

Litinin, 6 ga Mayu

Ma'aikata sun fara. Ƙura, ƙarar inji, sun tokare wuyan da katako. Ɗayansu ya ɗora gwangwanin lemo a kan hancin Otis na sa ya sauke.

Talata, 14 ga Mayu

Dole a cire fenti a kewayen ƙafar kafin a zuba sabon siminti, don haka Marisol ta dawo. Da la'asar ta leƙo shago ta ce, "Akwai abin da ya kamata ki gani kafin a rufe." Ba ta riƙe ni da maganar da na yi mata ba, ko kuma ta riƙe ba ta nuna ba.

A bayan ƙafar, can ƙasa, sai na durƙusa. Wuri kamar faɗin faranti. Koren ne dai, amma an yi ta dambara shi ta ko'ina, sama da ƙasa, ya hau kan layi, ya zubo har siminti. Na ce wannan ɓarna ce. Ta ce, "Ɓarna ce. Mai ita bai wuce nan a tsayi ba," ta nuna cinyarta. Ta ce ta duba wurare shida a jikinsa, duk inda buroshi ya kauce mai fentin ta koma ta gyara, ko ɗigo ba ta bari. Nan kaɗai ta zo da layinta har bakin wurin, ta kewaye, ta ci gaba.

A 1956 shekarata uku. Hoyt goma.

Na ce mata gwiwata na ciwo, na miƙe. Ban tuna komai ba. Na zauna har aka rufe shago ina ƙoƙari, ko warin fentin, ko rigarta, babu. Wannan ma wani abin haushin ne.

Lahadi, 19 ga Mayu

Koren da ƙungiya ta sayo kamar ganyen latas. Na mayar musu. Na ɗauki ɓaɓɓaken fentin da Marisol ta ba ni a leda na je shagon fenti da kaina, na sa mutumin ya haɗa sau huɗu kafin ya dace. Bai tsokane ni ba wannan karon.

Asabar, 25 ga Mayu

An gama. Kwana biyar ina kai, layukan nan ba wasa ba ne, ban san yadda ta yi da ƙaramin buroshi a zafin nan ba. Nawa ba su kai nata miƙewa ba. Sufeto ya zo jiya ya sa hannu, Otis ya tsira.

Hoyt ya iso tun bakwai ba wanda ya kira shi, ya kama tsani. Ban yi masa magana ba sai da rana ta take, na ce ya matsa hagu. Na ba shi shayi mai ƙanƙara don kada ya faɗi a ce ni ce.

Ban ce koren ya yi kyau ba. Baƙi dai suna ta tsayawa.

Wurin nan na bayan ƙafa ban shafa ba. Na zo da layina har bakinsa, sai fenti ya ƙare. Haka zan gaya wa Darla in ta tambaya. Galan ɗaya da rabi na koren da ya rage na tura shi ƙarƙashin gadona.